Yadda ake auna tunanin lissafi a wajen ɗaliban kwaleji da jami'a

Ɗalibi yana iya cin maki 80 cikin 100 a jarrabawar kalkulas, amma ka tambaye shi dalilin da ya sa aka bi wani mataki sai ya tsaya yana kallonka. Ba lalle ne satar amsa ya yi ba. Hanyar ya haddace, jarrabawar kuma hanyar ta tambaya. Yawancin jarrabawar lissafi ƙwarewar aiwatar da ƙa'ida take aunawa: ga irin tambayar, ga fomularta, a zuba lambobi a fitar da amsa. Wannan ƙwarewa tana da amfaninta, sai dai tunanin lissafi wani abu ne daban. Mai tunani shi ne wanda zai iya faɗin dalilin da ya sa magana ta zama gaskiya, ya gane inda hujja ta karye, ya kuma san inda zai kama idan aka kawo masa tambayar da bai taɓa gani ba. Mai son auna wannan dole ya sa dalilin ɗalibi ya fito a kan takarda, sannan ya ba dalilin maki.

Kayan aiki

- Tsarin karatun kwas ɗin, don kada ka tambayi abin da ba a koyar ba.
- Tsofaffin takardun amsa na ɗaliban bara, kamar talatin. A cikinsu za ka tsinci kura-kuran da ɗalibai ke yi da gaske, waɗanda kai ba za ka taɓa zato ba.
- Takardar tambayoyi mai fili sosai, aƙalla rabin shafi ƙarƙashin kowace tambaya.
- Jadawalin ba da maki, wanda za ka rubuta a mataki na 4.
- Abokin aiki ɗaya da zai duba wasu takardu tare da kai. Idan babu, akwai dabarar da za a faɗa a mataki na 6.
- Ɗalibai biyar zuwa takwas da ba 'yan ajin ba, don gwaji.
- Agogo, da Excel ko littafi mai layi don shigar da maki.
- Waya mai ɗaukar murya, idan za ka yi hira da ɗalibai kuma sun amince.

1. Tsayar da abin da kake son aunawa

"Tunanin lissafi" kalma ce mai faɗi, kuma idan ba ka tsattsaga ta ba za ka ƙare da tambayoyi masu wuya kawai, alhali wuya ba ita ce tunani ba. Rubuta ƙwarewa huɗu ko biyar a takarda kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya. Waɗanda suka fi dacewa da ɗaliban shekarar farko da ta biyu su ne: mayar da magana zuwa alamomin lissafi, fahimtar jumlar sharaɗi ("idan kaza, to kaza"), bambance misali da hujja, kafa hujja da tantance ta wani, da kuma duba ko amsa ta yi ma'ana.

Zana jadawali, ƙwarewa a gefe, darussan kwas a sama. Kowace ƙwarewa ta samu tambaya aƙalla biyu a cikin zangon karatu, domin tambaya ɗaya ba ta isa a yanke wa ɗalibi hukunci ba. Yana iya yin sa'a, yana iya kuma tuntuɓe a kan kalma guda.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi a nan shi ne haɗa sabon darasi mai nauyi da tunani mai nauyi a tambaya ɗaya. Idan ɗalibi ya faɗi, ba ka san wanne ya kayar da shi ba. Ka gina tambayoyin tunani a kan abin da kowa ya riga ya iya: lambobin cika da mara, kashi cikin ɗari, aljabra ta sakandare. Kayan ginin su zama masu sauƙi, ginin ne zai zama aikin.

2. Rubuta tambayoyin

Nan ne mafi yawan aikin yake. Jarrabawar minti 90 tambaya shida zuwa takwas za ta ɗauka. Rubuta goma sha biyu, gwaji zai zubar da wasu.

Tambayar mayar da magana zuwa alamomi. Akwai wata sananniya da John Clement da abokan aikinsa suka gwada a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a farkon shekarun 1980. Ana cewa: a wata jami'a yawan ɗalibai ya ninka na malamai sau shida, rubuta wannan da haruffa, D a matsayin yawan ɗalibai, M a matsayin yawan malamai. Amsar ita ce D = 6M. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban injiniya 'yan shekarar farko da suka gwada ba su samu ba, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne 6D = M. Dalilin shi ne ɗalibi yana karanta harafin kamar suna, "ɗalibai shida ga malami ɗaya", ya manta harafin adadi yake wakilta. Ƙara wa tambayar wutsiya: "Gwada amsarka da malamai 10, ka faɗi ko ta yi daidai." Wanda ya gwada ya ga ɗaliban ba su kai biyu ba, ya koma ya gyara, ya nuna maka ƙwarewar da ta fi samun amsar tun farko daraja.

Tambayar sharaɗi. Peter Wason, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, ya fito da gwajin kati huɗu a 1966. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. A kan tebur ana ganin A, K, 4, 7. Ƙa'idar da za a bincika ita ce: idan akwai wasali a fuska ɗaya, to akwai lambar cika a bayansa. Waɗanne katuna ne dole a juya? Amsar A da 7 ce. Mutane da yawa A da 4 suke zaɓa, alhali ko me ke bayan 4 ba zai karya ƙa'idar ba, amma wasali a bayan 7 zai karya ta. Kada ka tsaya a kan zaɓin. Ka ce ɗalibi ya rubuta jumla ɗaya a kan kowane kati, har da waɗanda bai juya ba. Sannan ka kawo irinta cikin darasin kansa. A kalkulas, misali: duk aikin lissafin da ake iya fitar wa gangara a wani ɗigo, zanensa bai tsinke a wurin ba. Shin juyin maganar, wato duk zanen da bai tsinke ba ana iya fitar masa da gangara, shi ma gaskiya ne? Mai tunani zai kawo y = |x| a ɗigon sifili, inda zanen bai tsinke ba amma yana da kusurwa.

Tambayar misali da hujja. Wannan ita ce cutar da ta fi yaɗuwa: ɗalibi ya gwada lamba uku ko huɗu, ya ga abin ya yi, ya rubuta "saboda haka gaskiya ne kullum". Maganinta tambayar da misalai za su yaudare shi. Ka ba shi n² + n + 41, wadda masanin lissafi Leonhard Euler ya yi magana a kanta a ƙarni na 18. Daga n = 0 har n = 39 tana ba da lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya. Tambayar: "Wani ya gwada daga 0 zuwa 20 ya ce kullum haka take. Ka yarda?" A n = 40 amsar 1681 ce, wato 41 sau 41. Amma ɗalibin da ya kalli siffar lissafin zai ga cewa idan n ta zama 41 kowane ɓangare yana rabuwa da 41, ba sai ya taɓa kalkuleta ba. Irin wannan ganin kake nema. Wata mai kama da ita: a sa ɗigo a gefen da'ira, a haɗa kowane biyu da layi ta yadda layi uku ba za su haɗu wuri ɗaya a ciki ba, a ƙirga yankuna. Ɗigo 1 zuwa 5 suna ba da 1, 2, 4, 8, 16. Kowa zai rantse na gaba 32 ne, amma 31 ne.

Kada ka sa irin waɗannan fiye da ɗaya a takarda. Idan ɗalibai suka fahimci duk tambayar "ka yarda?" amsarta a'a ce, sun daina tunani sun koma karatun halin malami. Ka gauraya da maganar da ta zama gaskiya, kamar cewa n³ − n yana rabuwa da 6 ga kowace cikakkiyar lamba n, don su san wani lokaci aikin shi ne kafa hujja.

Tambayar tantance hujjar wani. Ka rubuta hujja mai lamba a kowane layi, ka ce a nuna layin farko da ya karye da dalilin karyewarsa. Tsohuwar nan ta "2 daidai yake da 1" har yanzu tana aiki: a = b, sai a² = ab, sai a² − b² = ab − b², sai (a + b)(a − b) = b(a − b), sai a + b = b, sai 2b = b, sai 2 = 1. Ɓarnar tana wajen da aka raba da a − b, wanda sifili ne. Wanda ya rubuta "amsar ba daidai ba ce domin 2 ba 1 ba ne" bai gano komai ba, kowa ya san haka. Mafi kyau ma, ka ɗauko gurguwar hujja daga takardun bara, wadda sakamakonta gaskiya ne amma hanyar ta lalace. Ta fi wuyar kamawa, domin ɗalibi ya riga ya yarda da ƙarshen.

Tambayar duba ma'ana. Mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanya ɗaya da gudun 40. Mene ne matsakaicin gudunta a tafiyar duka? Hannu yana saurin rubuta 50. Amsar 48 ce: idan nisan kilomita 120 ne, tafiya awa 2, dawowa awa 3, kilomita 240 cikin awa 5. Kafin lissafi ka tambaya: "Ba tare da lissafi ba, amsar za ta wuce 50, ko ta gaza, ko daidai? Don me?" Wanda ya ce za ta gaza domin motar ta fi daɗewa tana tafiya a hankali ya gane bakin zaren.

Idan ajin ya yi girma har ba makawa sai an yi tambayoyin zaɓi, ka yi su hawa biyu. Hawa na farko ɗalibi ya zaɓi amsa, na biyu ya zaɓi dalili daga huɗu, uku daga cikinsu kura-kuran da ka tsinta ne a takardun bara. Ba a ba da maki sai an samu duka biyun. Wannan yana rage canki-canka, amma fa gane dalili cikin jeri bai kai ƙirƙiro shi ba, don haka ko tambaya ɗaya ce ka bar ta a buɗe a rubuta da hannu.

3. Tace kalmomi, ka gwada, ka tsayar da lokaci

Karanta kowace tambaya da ƙarfi. Cire duk kalmar da ba ta aiki. Jumla mai ƙin yarda biyu, ko labari mai tsawo kafin a zo ga tambaya, ƙwarewar karatu suke aunawa, musamman ga ɗalibin da harshen koyarwa ba shi ne harshensa na gida ba. Ka kuma faɗi ainihin abin da kake so. "Yi bayani" ba ta isa ba. Rubuta: "Kawo hujjar da za ta gamsar da ɗan ajinku da bai yarda ba."

Zauna ka amsa takardar da kanka, da cikakken rubutu, agogo na gudu. Ninka lokacinka sau uku, ko huɗu ga 'yan shekarar farko. Idan kai ka ɗauki minti 25, su suna bukatar 75 zuwa 100. Jarrabawar tunani da aka matse wa lokaci ta zama tseren gudu, kuma mai hadda ne ke cin tsere.

Sai ka ba ɗaliban gwaji. Bayan sun gama ka tambayi kowanne ya faɗa maka da bakinsa abin da kowace tambaya ke nema. Idan biyu cikin shida suka fahimce ta ta wata fuska, laifin tambayar ne, a sake rubuta ta. Wadda kowa ya ci cikin minti ɗaya da wadda ba wanda ya ko fara, duk a ajiye su gefe.

4. Rubuta jadawalin maki kafin ka ga takarda ko ɗaya

Ma'auni daga 0 zuwa 4 ya isa. Ya wuce haka, masu dubawa ba za su iya bambance 6 da 7 ba. Kowace tambaya tana bukatar nata bayanin, da misalin amsa a kowane hawa. Ga yadda yake a wannan tambaya: "Nuna cewa idan aka tara lambobin mara biyu, ko waɗanne ne, jimlar cika ce."

Maki 0: babu komai, ko an maimaita tambayar da wasu kalmomi.

Maki 1: misalai kawai. 3 + 5 = 8, 7 + 9 = 16, "saboda haka kullum cika ce". Ko misali ashirin aka jera, makin ɗaya ne.

Maki 2: an yi ƙoƙarin gamewa amma da giɓi babba. Mafi yawan abin da za ka gani shi ne (2k + 1) + (2k + 1) = 4k + 2. Da gani ya yi kama da hujja, amma ɗalibin ya tara lamba ne da kanta. Ka lura 4k + 2 ba za ta taɓa ba da 8 ba idan k cikakkiyar lamba ce, ke nan ko 3 + 5 hujjar ba ta rufe ba.

Maki 3: (2m + 1) + (2n + 1) = 2m + 2n + 2, aka tsaya, ba a ce me ya sa wannan cika ce ba, ko ba a faɗi mene ne m da n ba.

Maki 4: an kai ga 2(m + n + 1), an ce m da n cikakkun lambobi ne, don haka jimlar ninki biyu ce na cikakkiyar lamba.

Wani ɗalibi ba zai rubuta harafi ko ɗaya ba. Zai ce kowace lambar mara ana iya jera ta bibbiyu ɗaya ya rage, idan aka haɗa biyu, ragowar nan biyu su ma sun zama biyu, babu saura. Wannan cikakkiyar hujja ce, maki 4 ne. Sabon mai dubawa yakan ba ta 2 domin ba ta yi kama da ta littafi ba, ya ba (2k + 1) + (2k + 1) maki 3 domin tana da haruffa. Wannan juyin shi ne ainihin abin da jadawalin ke nan don ya hana. Rubuta a samansa: kowace hanya ingantacciya tana samun cikakken maki.

Tsayar da hukuncin ƙaramin kuskuren tarawa ko ɗebewa tun yanzu. Idan hanyar tunanin daidai take kuma kuskuren bai sauƙaƙa tambayar ba, maki ɗaya kawai za a cire. Amsa daidai babu dalili kuwa ba ta wuce maki 1.

Ban da maki, yana da kyau a sa wa kowace amsa harafi da ke nuna abin da ɗalibin ya dogara da shi. Guershon Harel da Larry Sowder, a 1998, sun kasa hanyoyin da ɗalibai ke gamsuwa gida uku: dogaro da abin da ke waje (malam ya faɗa, littafi ya ce, ko siffar rubutun ta yi kama da hujja), dogaro da misalai ko zane, da kuma fitar da sakamako daga ƙa'idoji. Ka sa W (waje), M (misali) ko H (hujja) a gefen makin. Daƙiƙa biyu zai ɗauke ka, amma a ƙarshe shi zai gaya maka abin da za ka koyar.

5. Ranar jarrabawa

Mako ɗaya kafin ranar, ka nuna wa ajin tambaya ɗaya ta misali da amsoshi uku masu maki 1, 2 da 4, ku tattauna bambancinsu. Ɗalibin da ya shekara goma sha biyu ana ba shi maki a kan amsar ƙarshe ba zai zuba dalili a takarda ba sai ya ga da idonsa cewa nan makin yake.

A rubuta da biro, kuma a hana gogewa. Wanda ya canza ra'ayi ya ja layi ɗaya a kan abin da ya bari. Hanyar da ɗalibi ya bi ya watsar tana nuna tunaninsa fiye da amsar da ya tsabtace. Takardar gwaje-gwajensa ma a karɓa. Ka bar su da kalkuleta da takardar fomuloli, tunda ba hadda ake aunawa ba. A sa lambar ɗalibi a takarda maimakon suna.

Idan aikin gida ne, ka sani manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya amsa irin waɗannan tambayoyi, musamman sanannun da aka kawo a sama. Ka haɗa aikin da zama na minti biyar, inda za ka nuna layi ɗaya a amsarsa ka ce "me ya sa wannan ya biyo bayan wancan?", sannan ka canza sharaɗi ɗaya ka ga ko zai iya bi.

6. Duba takardu

Ɗauki takardu goma sha biyu ba zaɓe. Kai da abokin aikinka kowa ya duba su shi kaɗai, ba a rubuta maki a jikin takardar. Ku kwatanta. Duk inda kuka saɓa, ku koma ga jadawalin ku gyara kalmominsa har ya raba gardamar. Daga nan ku ware amsa ɗaya ta gaske a kowane hawa, ta zama abin kwatance a kan tebur.

Duba tambaya ta 1 a duk takardun kafin ka shiga ta 2. Idan kana bin takarda daga farko zuwa ƙarshe, kyakkyawar amsa a tambayar farko za ta sa ka yi wa ɗalibin sassauci a sauran. Kafin kowace sabuwar tambaya ka gauraya takardun, kada mutum ɗaya ya riƙa faɗowa kullum a lokacin da ka gaji. Bayan kowace takarda talatin ka sake kallon amsoshin kwatance, domin hannu yana sauka ko ya hau ba tare da mai shi ya sani ba.

A ƙarshe abokin aikin ya sake duba kashi ɗaya cikin biyar. Abin da ake so shi ne ku yi daidai a kusan uku cikin huɗu, sauran kuma bambancin kada ya wuce maki ɗaya. Idan aka samu tazarar maki biyu sau da yawa a tambaya ɗaya, a gyara jadawalinta a sake duba ta a duk ajin. Wanda ba shi da abokin aiki ya rubuta makinsa a wata takarda daban, ya bar kwana bakwai, ya sake duba guda ashirin bai kalli makin farko ba.

Akwai tambayar da ta buɗe sosai har jadawali ya kasa kama ta, kamar "bayyana wa ƙaninka abin da ake nufi da iyaka a kalkulas". A nan ana iya kwatanta amsoshi bibbiyu, a ce wacce ta fi nuna fahimta, a maimaita har jeri ya fito. Tushen dabarar yana cikin aikin Louis Thurstone, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, na 1927. Tana bukatar masu dubawa da yawa da kwatance mai yawa, don haka ba ta mutum ɗaya mai aji ɗari biyu ba ce.

7. Auna tambayoyin su ma

Shigar da makin kowace tambaya a layinta, kada ka tsaya a jimla. Lissafi biyu za ka yi. Na farko sauƙin tambaya: matsakaicin makin ajin a raba da 4. Tsakanin 0.3 da 0.8 shi ne wurin aiki. Na biyu ƙarfin rarrabewa. Jera ɗalibai bisa jimlarsu, ɗauki kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, ɗebe matsakaicin na ƙasa daga na sama, raba da 4. Idan na sama sun samu 3.2 na ƙasa 1.2, sakamakon 0.5 ne, tambayar tana aiki. Ƙasa da 0.2 abin dubawa ne. Idan kuwa na ƙasa suka fi na sama, ruwa ba ya tsami banza: ko dai akwai harshen damo a tambayar da masu zurfin karatu suka hango, ko jadawalin yana hukunta hanyar da ba a saba da ita ba. A aji mai ƙasa da mutum talatin waɗannan lambobi suna rawa sosai, ka ɗauke su a matsayin ishara kawai.

8. Zauna da wasu kaɗan

Takarda tana nuna inda ɗalibi ya faɗi, ba kullum take nuna abin da ya kayar da shi ba. Zaɓi shida zuwa tara, daga sama, tsakiya da ƙasa, kowanne minti goma sha biyar. Anne Newman, malamar Ostareliya, ta tsara tambayoyi biyar a 1977 waɗanda har yanzu suna aiki ko a jami'a: karanta mini tambayar, me take nema, yaya za ka ɓullo mata, yi ina gani kana faɗin abin da kake yi, sai rubuta amsar. Inda ya fara tangarɗa nan matsalar take. Wanda ya kasa a ta biyu ba ƙarin atisayen aljabra yake bukata ba.

Wahalar hirar tana wajen malami, domin bakinsa ya saba da koyarwa. Kada ka gyara, kada ka gyaɗa kai, kada ka riƙa cewa "ka tabbata?" a lokacin da ya yi kuskure kaɗai, domin nan da nan zai gane alamar. Ka yi tambayar a kan amsa daidai da marar daidai. Idan ya yi shiru, ƙirga goma a zuci kafin ka ce "me kake tunani yanzu?"

9. Mayar da sakamako, ka sake aunawa

Kowane ɗalibi ya samu makinsa a rarrabe bisa ƙwarewar da ka tsayar a mataki na 1, da jumla ɗaya a kan tambaya ɗaya, wadda za ta sa shi aiki. "Hujjarka ta rufe 3 + 5? Gwada ka gani" ta fi "ba daidai ba" amfani. Ka ba shi mako ɗaya ya gyara amsa ɗaya ya dawo da ita don rabin makin da ya rasa.

Ga ajin gaba ɗaya, ƙirga haruffan W, M da H. Idan M ta rinjaya, darasi na gaba ya fara da da'irar nan mai yankuna 31, su zana da hannunsu su ƙirga. A ƙarshen zango ka sake aunawa da tambayoyi masu ginin iri ɗaya amma kaya daban: inda aka tambayi jimlar lambobin mara biyu, yanzu a tambayi abin da ke fitowa idan aka ninka su da juna. Idan kana son kwatanta ajin bana da na baɗi, ka riƙe tambaya biyu da ba za ka mayar wa ɗalibai ba, ka adana amsoshin kwatance na bana, sannan baɗi ka cusa takardun bana guda goma cikin sababbin lokacin dubawa, don ka ga ko ma'aunin hannunka ya motsa.